Tekunan Duniyar Hikaya da Taswirarsu

Wanda ya tashi daga Abuja a mota zai ci fiye da kilomita 700 kafin ya isa Legas ya ga teku. Daga Kano ko Katsina ko Sakkwato kuwa, tafiyar ta fi haka nisa. Ƙasar Hausa ba ta da gaɓar teku ko taki ɗaya. Ruwan da Bahaushe ya tashi ya sani shi ne na rijiya da rafi da ƙorama da tafki da gulbi. Amma duk da haka, wanda ya buɗe littattafan hikaya da ake karantawa da Hausa zai tarar da jirage suna fashewa a tsakiyar teku, fatake suna kwana a tsibiran da ba kowa, jarumawa suna ƙetare tekuna bakwai domin neman magani ko neman matar da ta ɓace. Hikaya, ga wanda bai saba da kalmar ba, ita ce dogon labari ƙagagge mai cike da tafiye-tafiye da abubuwan mamaki. Ta fi tatsuniya tsawo, kuma mafi yawanta ta zo mana ne a rubuce.

Wata rana a aji, wata ɗaliba da ta girma a Fatakwal, inda ganin jirgin ruwa ba abin labari ba ne, ta shimfiɗa taswirar duniya a kan tebur ta ce, "Malam, ga Bahar Maliya na gani, ga Bahar Rum. To, ina Dutsen Ƙaf yake?" Tambayar tana kan hanya. Sunayen nan uku sukan zo tare a cikin hikaya, alhali biyu ne kawai za a iya nunawa da yatsa a taswirar makaranta. Dalili shi ne hikaya tana da tata taswirar, wadda ta girmi ta makaranta da ɗaruruwan shekaru. Ɗalibin da bai san fasalinta ba yakan rikice, ya ɗauki gaskiya a matsayin ƙage, ko ya ɗauki ƙage a matsayin gaskiya.

Teku da bahar

Kalmomi biyu Hausa take amfani da su. Ta yau da kullum ita ce teku: Tekun Atlantika, Tekun Indiya, bakin teku. Ta biyu ita ce bahar, wadda aka aro daga Larabci, kuma ba a cika jin ta ita kaɗai ba sai a cikin sunaye. Bahar Rum shi ne tekun da ya raba arewacin Afirka da Turai. Bahar Maliya shi ne wanda ya raba Sudan da Masar daga ƙasar Saudiyya. Sunan nan na ƙarshe yana da darasi a cikinsa. Larabawa sukan kira babban kogi irin Nilu da sunan bahar su ma, saboda haka idan suna nufin ruwan gishiri sai su ƙara kalmar "malih", wato mai gishiri. Daga nan "maliya" ta fito. Alhazan da suka bi ta ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur har zuwa Sawakin, wannan ne ruwan gishiri na farko da suka taɓa gani, kuma dole su ƙetare shi kafin su sauka Jidda. Wasunsu sun yi shekaru a hanya. Ba mamaki da sunan ya zauna a bakin mutane har ya zama ma'aunin duk wani ruwa mai faɗi da ban tsoro.

A tatsuniyoyin gargajiya kuwa, waɗanda kakanni suke yi wa jikoki da dare, ba a cika jin teku ba. Dodo a gulbi yake. 'Yan ruwa a kogi suke. Ɓauren da hankaki suke ci, wanda Gizo ya roƙe su aron gashin fiffike domin ya je ya ci shi ma, a tsakiyar kogi yake. Macijin da Bayajida ya kashe a Daura a rijiyar Kusugu yake zaune. Wannan ya nuna mana cewa tekun hikaya baƙo ne, littafi da matafiya suka kawo shi.

Fasalin duniyar

Taswirar hikaya ta samo tushe daga yadda masana labarin ƙasa na Larabawa suka zana duniya. Mu ɗauka an ajiye faifai a tsakiyar babban kwano cike da ruwa. Faifan nan shi ne ƙasar da mutane suke zaune a kai. Ruwan da ya kewaye shi ana kiransa Baharul Muhiɗ, ma'ana teku mai kewayewa. Daga gare shi ne manyan hannuwa biyu suka kutso cikin ƙasa: ɗaya daga yamma, shi ne Bahar Rum, ɗaya daga gabas, shi ne tekun Hindu da Sin, wanda Bahar Maliya da tekun Farisa suka zama rassansa.

Mafi shahara cikin waɗanda suka zana wannan taswira shi ne al-Idrisi, wanda ya gama littafinsa a shekarar 1154 a birnin Palermo, a fadar Sarki Roger na Biyu na tsibirin Sisili. Idan ɗalibi ya ga hoton taswirarsa zai zaci an kifar da ita, domin kudu ne a sama, arewa a ƙasa. Ba kuskure ba ne, haka al'adar masu zane na wancan zamani take. Masanan nan sun san cewa duniya mulmulalliya ce, har sun auna girmanta tun zamanin Halifa Ma'amun. Abin da ba su sani ba shi ne abin da yake bayan ruwan da ya kewaye su. A nan ilimi ya tsaya, a nan kuma masu hikaya suka karɓa.

Ɓangaren yamma na Baharul Muhiɗ, wanda muke kira Atlantika a yau, sun sa masa suna Tekun Duhu. Al-Idrisi ya ba da labarin wasu mutum takwas 'yan uwan juna daga birnin Lizbon da suka yi ƙarfin hali suka shiga cikinsa. Bayan kwana goma sha ɗaya suka tarar da ruwa mai kauri da wari, ga ƙarancin haske, sai suka juya kudu. Suka sauka a wani tsibiri cike da tumaki masu ɗacin nama, daga nan suka faɗa hannun mutanen wani tsibirin, waɗanda suka ɗaure musu idanu suka mayar da su gaɓar Maroko. Mu ma a Afirka ta Yamma muna da namu labarin. Sa'ad da Mansa Musa na Mali ya sauka Alƙahira a shekarar 1324 a kan hanyarsa ta hajji, ya ce sarkin da ya gabace shi ya ƙi yarda cewa tekun nan ba shi da iyaka. Ya aika jirage ɗari biyu cike da mutane, da wasu ɗari biyu cike da guzuri. Guda ɗaya ne ya komo, matuƙinsa ya ce sun tarar da wani ruwa mai gudu kamar kogi a tsakiyar teku, ya haɗiye sauran. Sai sarkin ya shirya jirage dubu biyu ya tafi da kansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wani marubuci mai suna al-Umari ne ya adana wannan labari.

A bayan Baharul Muhiɗ ne masu hikaya suka ajiye Dutsen Ƙaf. Suka ce dutse ne na koren zumurrudu da ya kewaye duniya kamar yadda zobe yake kewaye yatsa, kuma daga korensa ne sama ta sami launinta. Can ne mazaunin aljanu. Shi ne abin da Bahaushe yake nufi idan ya ce wani ya tafi bangon duniya. Ya kamata a lura cewa wannan ba rukunin addini ba ne. Malamai irin su Ibn Kasir sun ce labarin dutsen yana cikin tatsuniyoyin mutanen da, waɗanda suka kutsa cikin wasu littattafai. Saboda haka amsar tambayar ɗalibar nan ita ce, Dutsen Ƙaf yana daidai inda takardar taswira ta ƙare.

Tekuna bakwai da abin da ke ƙarƙashin ƙage

Gabas ce ta fi yalwar labari, domin can ne jiragen fatake suka yi ta zirga-zirga. Wani masani mai suna al-Yaƙubi, wanda ya rayu a ƙarni na 9, ya rubuta cewa mai son zuwa ƙasar Sin sai ya ƙetare tekuna bakwai, kowanne da launinsa da iskarsa da irin kifinsa. Ya fara da tekun Farisa ya ƙare da tekun Sin, ya ambaci sunan kowanne. Wato a wurinsa tekuna bakwai zangon fatake ne, kamar yadda a da mai zuwa Gwanja sayen goro yake lissafa garuruwan da zai yada zango. Da lissafin ya shiga hannun masu hikaya sai ya zama wani abu dabam. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai wani mai suna Bulukiya da ya shafa ruwan wani ganye a tafin ƙafarsa, ya taka tekuna bakwai da ƙafa kamar mai tafiya a kan fako, kowane teku da tsibirinsa mai abin al'ajabi, har ya kai Dutsen Ƙaf. Adadin bai canja ba, amma ma'anarsa ta canja. A hikaya, "ya ƙetare tekuna bakwai" yana nufin ya fita daga duniyar mutane.

Babu inda aka fi ganin wannan cuɗanya kamar a tafiye-tafiye bakwai na Sindibad. Mutumin Bagadaza ne a zamanin Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, kuma kullum daga Basra yake shiga jirgi. Biranen nan biyu suna nan a Iraƙi har yau. Amma da zarar jirgi ya yi nisa sai al'amura su fara sauyawa. A tafiya ta farko fatake suka sauka a wani tsibiri suka hura wuta, ashe bayan wani ƙaton kifi ne, da ya ji zafi sai ya nutse da su. A ta biyu Sindibad ya tarar da wata farar ƙubba mai santsi ba ƙofa, ashe ƙwan tsuntsun Rukku ne, tsuntsun da aka ce yana ciyar da 'ya'yansa da giwaye. Ya ɗaure kansa da rawaninsa a ƙafar tsuntsun, ya kai shi kwarin lu'ulu'u mai cike da macizai. A ta biyar wani tsoho ya haye wuyansa ya ƙi sauka. A ta shida ya isa Sarandib.

To, Sarandib ba ƙage ba ne. Shi ne tsibirin Siri Lanka, kudu da Indiya, kuma har yau ana haƙo yaƙutu da sauran duwatsu masu daraja a cikinsa. Dutsen da hikaya ta ce akwai sawun Annabi Adamu a kansa yana nan, tsayinsa mita 2,243, kuma matafiyin nan Ibn Battuta ya hau shi a shekarar 1344. Tsuntsun Rukku ma yana da ɗan tushe. A tsibirin Madagaska an taɓa yin wani tsuntsu da ya fi jimina girma nesa ba kusa ba, wanda irinsa ya ƙare, amma har yanzu ana tono ƙwansa, kuma ƙwai ɗaya ya fi na kaza ɗari. Tsuntsun ba ya tashi sama, balle ya ɗauki giwa. Sai dai wanda ya ga irin wannan ƙwai a hannun wani matuƙi a kasuwar Basra, ba zai sha wahala ba wajen ƙaga uwar da ta saka shi.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na dutsen mayen ƙarfe. A wani labari na Dare Dubu da Ɗaya, jirgin wani ɗan sarki ya kusanci wani baƙin dutse a tsakiyar teku, sai ƙusoshin jirgin suka fizge suka tashi suka manne a jikin dutsen, katakon ya wargaje, mutane suka nutse. Babu irin wannan dutse a ko'ina. Amma akwai abin da labarin yake ƙoƙarin bayyanawa. Jiragen Tekun Indiya na wancan zamani ba a haɗa su da ƙusa, ɗinka katakonsu ake yi da igiyar ɓawon kwakwa. Baƙo idan ya ga haka sai ya tambayi dalili, a ce masa ai saboda dutsen mayen ƙarfe ne. Dalilin gaskiya ya fi haka sauƙi: ƙarfe yana da tsada, yana kuma tsatsa a ruwan gishiri, ga shi ɗinkakken jirgi yana lanƙwasawa idan ya bugi yashi maimakon ya tsage. A shekarar 1998 masunta suka gano wani irin jirgin nan a ƙarƙashin ruwa kusa da tsibirin Belitung a Indunusiya. Ya nutse ne a ƙarni na 9, ɗauke da kwanonin tangaran na ƙasar Sin wajen 60,000, kuma ɗinki ne ya haɗa katakonsa. Ashe fataken irin su Sindibad sun wanzu, jirage kuma sun fashe da su da gaske.

Har daɗewar da jaruman hikaya suke yi a ƙasashen waje tana da dalili. Jiragen nan iska ce take tura su, kuma iskar Tekun Indiya tana da lokaci. Rabin shekara tana kaɗawa daga kudu maso yamma, rabi kuma daga arewa maso gabas, kusan kamar yadda muke da iskar damina da ta hunturu. Wanda ya makara sai ya zauna watanni yana jiran ta juyo. Zuwa Sin da komowa yakan ci fiye da shekara guda. A irin wannan zama ne fatake suke koyon harshe, su yi aure, su tara labari.

Akwai kuma wuraren da suke tsaka-tsaki, irin su tsibiran Waƙ-Waƙ. A labarin Hasan mutumin Basra, can matarsa 'yar sarkin aljanu ta gudu bayan ta sami rigarta ta gashin tsuntsu, shi kuma ya bi ta. An ce akwai wata bishiya a can mai 'ya'ya kamar kawunan mutane, waɗanda suke ihu da asuba da faɗuwar rana. Abin mamaki shi ne masana irin su al-Idrisi sun sa tsibiran a taswirarsu a matsayin wuri na gaske. Masu bincike na yanzu sun rabu: wasu sun ce Japan ake nufi, wasu Madagaska, wasu tsibiran Indunusiya.

Yadda taswirar ta iso ƙasar Hausa

Malamai da suka iya Larabci sun daɗe suna karanta irin waɗannan littattafai a Kano da Katsina da Zariya, suna kuma ba da labarin ga waɗanda ba su iya ba. Alhazai sun ƙara nasu. Akwai kuma waɗanda suka ga teku da idonsu suka ba da labari da Hausa, kamar Dorugu, yaron da ya bi Bature Heinrich Barth ya ƙetare Sahara da Bahar Rum har zuwa Ingila a shekarar 1855. Daga baya titin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Ikko, wato Legas, ta zama wurin da ɗan kasuwa zai je ya komo. A shekarar 1924 aka buga fassarar Dare Dubu da Ɗaya da Hausar boko, wadda Frank Edgar ya shirya.

Sa'ad da Rupert East ya shirya gasar ƙaga labari a Zariya a 1933, marubutan da suka shiga sun riga sun san taswirar nan. Dubi Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara. Ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, da garuruwan da kowa ya sani irin su Kwantagora, kana jarumin da ɗansa Garba Gagare suka nausa gabas suka faɗa duniyar aljanu. Dubi kuma Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam. Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya ratsa garuruwan mutane yana ta artabu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, amma bai sami abin da yake nema ba sai da ya kai ƙasar aljanu. Tsarin ɗaya ne da na Sindibad: a fara daga wurin da aka sani, mamaki ya riƙa ƙaruwa gwargwadon nisa. Sai dai a lura da abin da jarumin Imam ya fita nema. Ba lu'ulu'u ba ne, ba kuma kayan fatauci ba. Ruwan magani ne, irin abin da mutumin ƙasar rijiya da fari ya san darajarsa.

Saboda haka idan ɗalibi ya ci karo da sunan wuri a hikaya, ya tambayi kansa a wane zobe na taswirar yake. Idan Bagadaza ce ko Masar ko Bahar Maliya, to ana cikin duniyar mutane, kuma dabara da wayo ne suke aiki. Idan an shiga tsibirai, to a sa ran ganin abin da aka ƙara wa gishiri, kuma fashewar jirgi ita ce ƙofar shiga, domin ita take raba jarumi da abokan tafiyarsa da dukiyarsa ya rage shi kaɗai. Idan kuwa an ambaci Dutsen Ƙaf, to ƙafa da jirgi sun gaza, sai tsuntsu ko aljani ko zobe mai sihiri.

Kada mu yi saurin yi wa masu tsohuwar taswira dariya. Ruwan da ya fi rikita su ba a bangon duniya yake ba, yana nan kusa da mu. Al-Idrisi ya zana Kogin Nilu ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Masar, ɗayan ya ratsa ƙasar baƙar fata ya yi yamma ya faɗa Tekun Duhu. Kogin Kwara yake nufi, amma ya juya masa hanya. Shekaru fiye da ɗari shida bayansa Turawa suna ta gardama a kan inda kogin ya ƙare. Mungo Park ya rasa ransa a Busa a 1806 yana bin sa. Da Hugh Clapperton ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824, tambayar kogin tana cikin manyan abubuwan da suka kai shi, kuma taswirar da aka zana masa a can an buga ta a Landan a 1826. Sai a shekarar 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin a kwalekwale daga Busa, suka wuce mahaɗarsa da Binuwai inda Lakwaja take a yau, tafiyar 'yan sa'o'i daga Abuja, suka ci gaba kudu har ruwan ya fitar da su Tekun Atlantika.